Magatakardan da Ba Ya Zuwa Hutu Ba Abin Yabo Ba Ne

A jami'o'inmu akwai wani yabo da ake yi wa manyan ma'aikatan gudanarwa ranar walimar ban kwana. Za ka ji an ce wane ya yi shekara talatin bai taɓa cinye hutunsa na shekara ba, shi ne farkon shiga ofis kuma shi ne na ƙarshen fita, ko ranar Asabar motarsa tana bakin ginin Sanat. Sai jama'a su ɗauki tafi. A ganina lokaci ya yi da za mu daina wannan yabo, domin abin da yake tona wa asiri shi ne ofishin da ba shi da tsari, da gidan da aka ci hakkinsa shekara da shekaru.

Ba na raina nauyin aikin. Magatakarda shi ne sakataren Majalisar Gudanarwa da ta Sanat, kuma a ƙarƙashinsa ake ɗaukar ɗalibai ta hanyar JAMB, a adana sakamakon jarrabawa, a tura sunaye ga hukumar NYSC, a shirya ƙarin girma da ladabtarwa, a tarbi jami'an NUC idan sun zo tantance kwasa-kwasai. Lokacin da ɗalibai suka watse hutu, a lokacin ne fayil ke taruwa a kan teburinsa. Yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ya ƙara dagula lissafi, domin bayansa an matse zangunan karatu don a cike giɓin wata takwas, dogon hutu ya zama ɗan taƙaitacce.

Sai dai a dubi tsawon tafiyar. Tun dokar 2012 ma'aikacin gudanarwa a jami'a yana ritaya ne a shekara 65. Wanda ya kama aiki yana da shekara 30 zai yi 35 a ciki, kuma a cikin waɗannan shekarun ne 'ya'yansa za su yi yaye, su sauke Alƙur'ani, su gama sakandare, su yi aure. Kujerar magatakarda da mutane da yawa ke sadaukar da komai dominta wa'adinta shekara biyar ne kacal, kuma mutum ɗaya ne ke hawanta a lokaci guda. Ranar da aka yi ritaya, gidan kwatas na Samaru ko na sabuwar jami'ar Bayero dole a miƙa makullinsa. Mutumin da bai raya zumunci ba, ba shi da lambu, ba shi da majalisar abokai, ba ya zuwa karatun zaure, zai koma unguwa baƙo, ya tarar da 'ya'yan da suka saba kai wa mahaifiyarsu kowace damuwa domin Baba kullum yana taro. Wannan ciwo yana damuna ƙwarai, domin fansho ba ya maganinsa.

Za a ce aiki amana ne, kuma wanda aka ɗora wa jami'a ba shi da damar kallon agogo. Gaskiya ne amana ne. Amma iyali ma amana ne, kuma malamai sun sha karantar da mu labarin Salmanul Farisi da ya tarar da Abu Darda'i ya yi watsi da gidansa saboda ibada, ya tunatar da shi hakkin jikinsa da na iyalinsa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salman. Idan nafila ba ta zama uzurin tauye iyali ba, taron kwamiti ba zai zama ba. Bayan haka, ita kanta jami'ar asara take yi. Jami'in da ba ya tafiya hutu ba ya koya wa mataimakinsa aiki, sai ya zamana shi kaɗai ya san inda fayil yake, shi kaɗai ke sa hannu. Ranar da ya kwanta asibiti, ɗalibar da ke jiran takardar sakamakonta don neman gurbin karatu a waje sai ta yi ta safa da marwa. Bankuna da yawa suna tilasta wa ma'aikatansu hutu, saboda idan wani ya zauna a kujerar ne kuskure ko almundahana ke fitowa fili.

Wasu kuma za su ce maganar nishaɗi ta masu ƙoshi ce, albashin da tsadar rayuwa ta cinye ba ya barin mutum ya zauna buga dara ko kiwon tattabaru. Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma ƙungiyoyin ma'aikatan jami'a na SSANU da NASU suna da gaskiya da suke ta kai kuka a kansa. Amma tsarin mulkin 1999, da ya hana ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci, ya bar masa noma. 'Yar gona a Shika ko a Ƙauyen Janguza tana kawo buhun masara, tana motsa jiki, tana kuma haɗa uba da 'ya'yansa a kunya ɗaya. Abin da take buƙata shi ne Asabar ɗin da ofis ya ƙwace.

Mata ma'aikata su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Taron da aka sa ƙarfe huɗu ya kai bayan isha'i, wadda ta nemi izinin tafiya gida sai a riƙa ganin ba ta ɗauki aiki da muhimmanci ba, abin ya biyo ta har ranar ƙarin girma.

Gyaran yana hannun Majalisun Gudanarwa. Su wajabta wa kowane babban jami'i cin hutunsa na shekara cikakke, tun daga magatakarda da ma'aji, su hana ɗage shi sai da dalili a rubuce. Su sa a tashi daga taro kafin magariba. Hutun kwana 14 da gwamnatin tarayya ta amince wa magidanta a 2021 idan an yi musu haihuwa, a bai wa mai shi ba tare da gori ba. Kwamitocin ƙarin girma kuma su riƙa tambayar kowane jami'i mutum nawa ya horar da za su iya riƙe ofishinsa idan ba ya nan.