Injinan iska: kallo muke so ko wuta?

A gaɓar tekun Maroko, kusa da birnin Essaouira mai cike da ƴan yawon buɗe ido, injinan iska suna juyi tun shekarar 2007, baƙi na ɗaukar hoto. A Senegal, tashar Taiba Ndiaye da aka buɗe a 2020 tana da injin 46 masu ba da megawat 158. Wasu daga cikin masu ilminmu sun ga waɗannan hotuna, sun fara mafarkin ranar da Nasara za su zo kallon irinsu a ƙasar Damagaram. To, mu a Matamai ba mu da teku, kuma ba kallo ne ya dame mu ba.

Darasin yana nan kusa, a Lambar Rimi ta jihar Katsina. Injin 37 aka tsara, megawat 10, aka bai wa kamfanin Vergnet na Faransa aikin. A Disamban 2012 ƴan bindiga suka sace injiniyansa Francis Collomp a Rimi. Bai kuɓuta ba sai Nuwamban 2013. Aiki ya tsaya, aka shafe shekaru ana ɗage ranar buɗewa, matafiya na wucewa suna ɗaga kai suna kallon ƙarfe tsaye. Wannan ma yawon buɗe ido ne, sai dai babu wanda ya ci kwabo da shi.

Duk da haka ba mu ce a yi watsi da iska ba. Wanda ya rayu a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki, ya san kuɗin dogaro da maƙwabci: wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga can yake zuwa a lokacin. Masu niƙa, masu walda, masu sayar da ƙanƙara, kowa ya ji a jikinsa.

A 2022 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy kan tashar Tarka a jihar Tawa, mai megawat har 250. Jama'a na da haƙƙin sanin inda maganar ta kwana, da farashin da NIGELEC za ta saya, da ko wayar za ta iso gabas. Su wa za su gyara injin idan ƙurar hunturu ta shaƙe shi? Ƴaƴanmu, ko sai an jira jirgi daga Turai?

In kuma wata rana aka zo auna iska a nan, a fara da manoma. Gonakin Matamai ƙanana ne, mutane sun yi yawa, kuma gawon da suka raya shekara da shekaru ba za a sare shi a kan alkawari ba.