Iyalan mashayi: shin ya halatta su zauna su faɗa wa juna damuwarsu?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Tun watan Fabrairu na 2024, lokacin da hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da hana sayar da giyar leda da ta ƙananan kwalabe, aka shiga ja-in-ja tsakaninta da masu masana'antu da 'yan majalisa. An yi maganar jari, an yi maganar ma'aikata, an yi maganar yaran da ke saye saboda arha. Waɗanda ba a ji muryarsu ba su ne matar mashayin da mahaifiyarsa da 'ya'yansa, alhali su ne suke kwana da masifar.

Mu da muke kudancin kogin Kaduna, a Makera da Kakuri da Barnawa da Nasarawa, giya ba ɓoyayyen abu ba ce a unguwanninmu. An kafa kamfanin yin ta a nan Kakuri a shekarun 1960, masaƙun da suka riƙe dubban magidanta kuwa sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yaudari kanka, ya ɗan'uwa, cewa wannan matsalar maƙwabtanmu ce waɗanda ba Musulmi ba. Tana cikin gidajen masu salla, sai dai mu mun fi iya ɓoyewa. Shi ya sa tambayar ke yawan zuwa, galibi daga mata: idan na zauna da wasu masu irin damuwata na faɗi halin mijina ko ɗana, na yi giba? Na tona asirin da aka umarce ni da rufewa?

Irin wannan zama yana da tarihi. A Amurka an kafa ƙungiyar masu neman daina shan giya, Alcoholics Anonymous, a 1935. Matan waɗannan mutane suka lura cewa su ma ciwon ya taɓa su, sai a 1951 Lois Wilson, matar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ita da wata abokiyarta suka tsara Al-Anon domin iyalai da abokai. A 1957 aka samu reshen matasa 'ya'yan mashaya. Tsarin mai sauƙi ne: babu likita, babu kuɗin shiga sai abin da mutum ya ga dama, ba a ambaton cikakken suna, kowa ya faɗi abin da ya gani, abin da aka ji a ɗakin kuma ya tsaya a ɗakin. Babban abin da suke koya wa juna shi ne cewa ba kai ka jawo shan ba, kuma ba a hannunka shiriyarsa take ba.

Wannan ma'ana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Alƙur'ani ya tabbatar a Suratul An'am da Suratu Faɗir cewa wani rai ba ya ɗaukar zunubin wani, kuma ɗan Annabi Nuhu (AS) ya kauce duk da matsayin mahaifinsa. Mata da yawa suna rayuwa da zargin kai, dangin miji na ce musu da kin iya girki da magana da bai fita ba. Wannan zalunci ne a kan zalunci.

Dangane da giba, Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci, da neman taimako wajen gusar da munkari, da neman fatawa. Hujjar ta ƙarshe ita ce Hindu 'yar Utba da ta faɗa wa Annabi (SAW) rowar mijinta Abu Sufyan, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, bai hana ta ba, ya ba ta mafita. Don haka matar da ta faɗi halin da take ciki don ta san yadda za ta yi, ba ta yi giba ba, matuƙar ta tsaya a gwargwadon buƙata, kuma ta faɗa wa wanda zai riƙe amana. Idan zaman ya koma dandalin zagin miji da dariya a kansa, hukunci ya canza. Ki tuna, ya 'yar'uwa, da sahabin nan da ake yawan kawowa saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Hadisin yana cikin Bukhari.

Abin da Musulmi zai kula da shi a tsarin na Amurka shi ne yadda suke barin kowa ya siffanta abin bautarsa yadda ya fahimta, da addu'o'in da wasu tarukan ke rufewa da su, masu asali daga Kiristanci. Musulmin Baltimore sun ga haka, suka kafa Millati Islami a 1989, suka gina matakan a kan tauhidi. Ashe gyaran mai yiwuwa ne, ba sai an zubar da tsarin gaba ɗaya ba.

Wanda yake ganin shiru ya fi, to ya tuna Rigasa, a ƙetaren kogi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida, da yawansu da mari a ƙafa, wata guda bayan haka aka fito da 147 daga wani gidan. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu saboda shaye-shaye, har suna biyan kuɗi. Ni ban ɗauki waɗannan iyaye marasa imani ba. Mutane ne da suka shekara suna ɓoyewa, ba su da wanda za su tambaya, har suka gaji suka miƙa ɗan ga duk wanda ya ce zai karɓa. Da uwa ɗaya ta zauna da wata da ta riga ta bi hanyar, da ta ji cewa a Barnawa akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya mai kula da masu shaye-shaye. Da ta ji kuma cewa wanda ya daɗe yana shan giya, idan aka kulle shi aka yanke masa ita rana ɗaya, yana iya kamuwa da karkarwa da farfaɗiya da gane-gane, har ya rasa ransa. Mu kuwa sai mu ce iska ce, mu tsaya a ruƙiyya kaɗai. A yi addu'a, amma a kai shi wurin likita.

Abin da nake gani shi ne masallatanmu da makarantun Islamiyya su buɗe wannan ƙofa. Ajin matan aure bayan an tashi ya ishi mata, maza kuma su zauna daban bayan isha'i. Kada a cika yawa, kada a ɗauki murya ko hoto, kada labari ya fita zuwa WhatsApp. Mu malamai kuma mu haƙura da wa'azi a wannan zaman, domin waɗannan mutane sun san giya haramun ce, ayar Suratul Ma'ida ba ta ɓace musu ba. Abin da suke nema shi ne: shin in ci gaba da biya masa bashin mai shago? In yi wa ubangidansa ƙaryar rashin lafiya? Me zan ce wa yara idan suka gan shi yana tangaɗi? Wadda ta shekara goma a ciki ta fi ni sanin amsar wasu daga cikin waɗannan. Ta ɓangaren shari'a dai, rufa asiri daban, ƙarya da sauƙaƙa masa saɓo daban. Na farko ana so, na biyun yana shiga taimakekeniya a kan zunubi.

Akwai iyakar da zaman ba zai tsallake ba. Idan akwai duka, ko barazana ga rai, ko hana abinci, to ba a ce wa mace ta koma ta ƙara haƙuri. A sanar da waliyyinta, a kai magana gaban alƙali, domin mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita ta ba mace damar neman a raba aure saboda cutarwa. Wadda ta zaɓi ta zauna kuma, kada a matsa mata ta fita.

Allah Ya shiryi masu shan, Ya sanyaya zukatan iyalansu. Wallahu a'alam.