Keken Ɗinkin Farko: Arahar Gaskiya Tana Hannun Mai Gyara

A kusan kowane dangi akwai mutum guda da ake kai wa irin wannan buƙata, wato mai ɗaukar albashi. Ƙanwa ta gama sakandare tana zaune a gida, ko ɗan yaya ya shiga koyon ɗinki a shagon unguwa, ko wata 'yar'uwa ta fita takaba da marayu a gabanta, sai a ce a taimaka da keken ɗinki. Mai albashin nan, wanda sau da yawa bai taɓa zura zare a allura ba, yakan ɗauki wayarsa ya duba farashi, sannan ya faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai ya sayi ɗan ƙaramin keken roba mai sheƙi saboda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ko kuma ya ciji yatsa ya sayo babban keken masana'anta don a san ya yi abin kirki. Dukkansu biyun kan ƙare a lungun ɗaki an lulluɓe su da tsohon zane.

Ga mai koyo a Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar, keken da ya fi dacewa shi ne baƙin keken ƙarfen nan na ƙafa, wanda ake yi wa kallon kayan kakanni. Dalilin kuwa na lissafi ne. Kuɗin da aka biya a ranar saye kaso ɗaya ne kawai na tsadar keke. Sauran yana cikin abin da za a kashe kafin ya ci gaba da ɗinki shekara bayan shekara: wuta, gyara, kayan gyara, da kwanakin da zai yi a ajiye ba ya kawo ko kwabo.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin allura

Keken ɗinki na gaskiya da zare biyu yake aiki. Na sama yana bi ta allura, na ƙasa kuma yana naɗe a kwarkwaro cikin ƙoshiya. Allura takan huda yadi ta sauka, idan ta fara komawa sama sai zarenta ya ɗan saki ya yi madauki, wani ƙugiya ya cafke madaukin ya zagaya da shi bayan zaren ƙasa, su sarƙe a tsakiyar yadin. Wannan dabara ta sarƙe zare biyu ce Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a shekarar 1846, kuma har yau a kanta ake tafiya. Sirrinta daidaito ne: dole ƙugiyan ya iso bayan allurar a daidai lokacin da madaukin ya buɗe. Da zarar ya makara ko ya yi gaggawa kaɗan, keke zai fara tsallake ɗinki, ko tsinke zare, ko cukurkuɗe shi a ƙasan yadi.

A nan ne ƙananan kekunan roba ke kasawa. Haƙoran da ke juya cikinsu na roba ne, injinsu kuma ba shi da ƙarfi. Suna iya ɗinke siririn yadi ninki biyu a gaban mai talla, amma ranar da suka haɗu da kalmasar shadda mai ninki huɗu, ko mahaɗar ɗinki a ƙugun siket na atamfa mai kauri, haƙoran sukan cinye, daidaiton ya tafi. Wanda ake riƙewa a hannu kamar abin maƙale takarda ya ma fi muni, domin da zare ɗaya yake ɗinki, irin ɗinkin bakin buhun sukari wanda idan aka ja bakin zaren yake warwarewa gaba ɗaya. Idan irin waɗannan suka lalace, mai gyara yakan juya su ya mayar wa mai su, don babu inda zai samo kayansu. Araha ba ta ado, kuma asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba: mai koyon da kekensa ke tsinke zare kowane minti yakan ɗauka shi ne ba shi da hannu, ya bar sana'ar tun bai fara ba.

Me ya sa baƙin keke ya daɗe

Baƙin keken da ke shagunan teloli daga Kano zuwa Damagaram yana da asali guda. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Singer ya fito da samfurin da aka sani da lamba 15. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan suka kwaikwayi ƙirarsa suka cika kasuwannin duniya da shi, daga baya na ƙasar Sin suka karɓa. Butterfly, wanda ake ƙerawa a Shanghai kuma sunansa ya zama ruwan dare a bakin teloli, daga wannan zuriya yake. A ƙasar Sin ta shekarun 1970, keken ɗinki yana cikin manyan kaya huɗu da ake son sabon gida ya mallaka, tare da keken hawa da agogon hannu da rediyo.

Amfanin wannan tarihi ga mai saye a yau shi ne cewa kamfanoni da yawa sun shafe shekaru masu yawa suna ƙera abu iri ɗaya. Kwarkwaron wannan yana shiga wancan. Allurarsa, mai shafaffen gefe guda a gindi, wadda ake rubuta HAx1 ko 130/705H a kwalinta, ita ce allurar kusan duk kekunan gida. Ƙoshiya, da bel ɗin fata, da ƴar robar naɗa zare, da farantin da allura ke shiga, duk ana samunsu a manyan kasuwanni irin ta Sabon Gari a Kano, har ma a shagunan kayan ɗinki na ƙananan garuruwa. Mafi muhimmanci, da wuya a sami gari mai kasuwar mako da babu wanda ya iya kwance wannan keke ya mayar. Cikinsa duk ƙarfe ne, abin da yake nema kawai shara da ɗigon mai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Batun wuta

Keken lantarki na gida ba ya shan wuta sosai. Matsalar tana wajen samunta. Hukumar NERC ta kasa masu amfani da wuta a Najeriya zuwa rukuni biyar, daga A da aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa E mai awa 4. Wannan alkawari ne a takarda, kuma unguwannin da yawancin masu koyon ɗinki ke zaune ba sa cikin rukunin farko. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta don ɗinka rigar yara guda ya zama cin jari. A Nijar ma an ga yadda lamarin yake a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar bayan juyin mulki.

Hannu ba ya faɗawa sai da maimaici na sa'o'i masu yawa, kuma mai koyon da ke jiran a kawo wuta kafin ya zauna kan keke zai yi wata shida yana koyon abin da ɗan'uwansa mai keken ƙafa ya ƙware a kai cikin wata biyu ko uku. A makon ƙarshe na azumi, lokacin da ƙananan ayyuka irin su kalmasa da rage tsawo ke gangarowa ga sababbin hannu, wanda kekensa ba ya jiran kowa shi ne ke samun kwastomomin farko.

Babban keke kafin lokacinsa

Keken masana'anta, irin su Juki da Jack da takwarorinsu, kayan aiki ne na ƙwarai, kuma duk telan da ya kafu a can zai ƙare. Sai dai an ƙera shi ne don gudu. Juki DDL-8700, alal misali, yana iya kai ɗinki 5,500 a minti guda. Wanda bai iya riƙe yadi a miƙe ba, idan ya taka irin wannan, kafin ya ɗaga ƙafa ya riga ya ɓata hannun riga, wani lokaci har da yatsa. Keken ƙafa kuwa gudunsa a ƙafar mai shi yake, yana iya tafiya ɗinki ɗaya bayan ɗaya a kan kwana. Ga kuma tsada, ga nauyin da ba ya barin a matsar da shi daga ɗaki zuwa tsakar gida, ga allurarsa ta daban ce da ta keken gida. Kuɗin da za a zuba a kansa zai sayi keken ƙafa da duk kayan aiki, a biya kuɗin koyo, har a sami ragowar sayen yadin gwaji.

Abin da masu suka ke faɗa

Akwai hujjoji masu nauyi a ɗaya ɓangaren. Baƙin keke miƙaƙƙen ɗinki kaɗai ya iya: ba ya zigizag, ba ya gidan maɓalli, ba ya ɗaure bakin yadi. Wannan gaskiya ne, amma sana'ar ɗinki a kasuwanninmu a rarrabe take tun asali. Manyan teloli ma sukan aika kaya wajen mai gidan maɓalli da mai aikin wuya su biya kuɗi kaɗan, kuma mafi yawan abin da ke riƙe da riga da wando da siket miƙaƙƙen ɗinki ne.

Ana kuma cewa sola ta fara sauya lissafi, kuma hakan ma gaskiya ne ga gidan da ya riga ya mallake ta. Baƙin keke bai rufe wannan ƙofa ba: ana ɗaura masa ƙaramin inji a gefe, a yi aiki da wuta idan akwai, a mayar da bel a taka idan babu. Mai lalurar ƙafa kuma yana iya sa masa marfin juyawa da hannu ko wannan inji. Wanda yake da tsayayyiyar wuta kuma gyaran kayan gida kawai yake so, keken lantarki na sanannen kamfani kamar Brother ko Singer zai wadatar da shi, muddin akwai mai gyaransa a garin.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta inganci. Ba duk baƙin keke ne na kirki ba, kuma suna a jikin keke fenti ne da kowa ke iya shafawa. Wasu sababbin ƙarfensu garas-garas ne, suna ƙara tun suna kwali. Sau da yawa tsohon kan keke da aka riƙe da kyau ya fi sabo laushin tafiya. Maganin wannan shi ne gwaji kafin biya.

A gaban mai sayarwa

Kada a tafi kasuwa sai da tela, mafi kyau ma wanda zai koyar da mai keken. A riƙe ƙyallayen da za a riƙa ɗinkawa: atamfa, shadda, da wani yadi mai santsi. A ɗinka ninki biyu, sannan ninki huɗu ko shida, a juya bayan yadin a duba. Ɗinki mai kyau kamanninsa ɗaya ne sama da ƙasa, babu madaukai a kwance, babu tattarewa. A juya ƙafar keken da hannu a ji ko akwai inda take cijewa. A kama sandar allura a girgiza, idan tana rawa to keken ya gaji. A gwada sandar da ke sauya tsawon ɗinki, a kuma tabbatar yana komawa da baya, domin akwai samfuran da ba sa yi. Teburi da ƙafafun ƙarfen ma abin dubawa ne, don katakon da aka yi da garin itace yana kumbura da damina.

Mai sha'awar keken lantarki na gwanjo ya karanta ƴar takardar da ke jikin injin. Wanda aka yi don Amurka da bolt 120 yake aiki, wutar Najeriya da Nijar kuwa ta kai bolt 220 zuwa 230, don haka idan aka jona shi ba tare da taransifoma ba zai ƙone nan take.

Sannan kada kuɗin ya ƙare a kan keke. Almakashi mai kaifi, tef ɗin awo, alli, dutsen guga, man keke, kwarkwaro na ajiya, da allurai masu lamba 14 da 16 da 18 don yadi matsakaici zuwa mai kauri, duk suna cikin jarin. Allurar da ta dakushe ita ce ke haddasa yawancin abin da sababbin hannu ke ɗauka lalacewar keke ce.

Keke da sana'a

Tun a shekarar 1856 kamfanin Singer ya gane cewa masu buƙatar keke ba su da kuɗinsa a dunƙule, ya fara sayarwa ana biya kaɗan-kaɗan. Adashi yana yin wannan aiki a gidajenmu, kuma ya fi dacewa a jira kwasar adashi a sayi keken kirki da a yi gaggawar sayen na roba. Shirye-shiryen tallafi na gwamnatoci da ƴan siyasa sun daɗe suna raba kekunan ɗinki a gaban kyamara, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasunsu kasuwa suke komawa, saboda an ba da ƙarfe ba a ba da malami ba. Mai albashin da ke son taimaka wa ƙanwarsa yana iya kauce wa wannan: ya fara nemo wanda zai koyar da ita, ya tambaye shi irin keken da yake amfani da shi da kuma wanda ke gyara masa, sannan su tafi kasuwa tare. Idan bayan shekara guda ta fara kokawa cewa keken ya yi mata jinkiri, lokacin babban keke ya yi, kuma mai yiwuwa daga kuɗin ɗinkinta za a saye shi.