Idon Makiyayi da Idon Matuƙi

Ran Lahadi, in kun je kasuwar Mai'adua, ku dubi makiyayin da ya koro shanu. Ba ya kafa wa saniya ɗaya ido. Ya dubi gaba, ya dubi dama, ya dubi hagu, sa'an nan ya komo. In ya tsaya kallon guda, sauran sai su faɗa gonar mutane. A ganina, wannan hali shi ne abin da ya kamata mai koyon tuƙin jirgin sama ya fara riƙewa.

A Zariya akwai makarantar koyon tuƙin jirgin sama, wadda aka kafa a 1964. A irin jiragen koyo na da, manyan agoguna shida ne a gaban matuƙi, yanzu kuwa akan haɗa su a allo guda. Wani yana nuna gudu, wani nisan da aka yi sama, wani inda aka dosa. Babbansu shi ne mai nuna ko jirgi ya karkata, ko hancinsa ya sunkuya.

Kuskuren sabon ɗalibi shi ne ya ƙura wa agogo ɗaya ido. Yana can yana gyaran gudu, jirgi ya saki hanya. Gwani kuwa yakan dubi babban, ya leƙa wani, ya komo kan babban, haka har ya zagaye su duka.

Wani zai ce, ai mutum yana da ido, me ya kai shi dogara ga agogo? Gaskiya ne, ran da gari ya yi garau, yawancin kallon ɗalibi waje ne. Amma ku tuna da hazon hunturu, sa'ad da sama da ƙasa kan zama ɗaya. A cikin kunnen mutum akwai wani ruwa mai gaya masa ko ya karkata, to, a sama ruwan nan yakan ruɗe shi. Sai ya ji kamar daidai yake, alhali jirgi ya jirkice. Wanda ya bi jikinsa ya ƙi agogo, ya sa ransa da na mutane cikin hatsari.

Hannu ma sai da horo. Akalar jirgi kamar linzamin doki take, a hankali ake taɓa ta, ba a fizga.

To, yara, hali zanen dutse ne. Ku fara tun yanzu. In kuna bisa keke, ko za ku ƙetare titi, ku saba da duba ko'ina cikin natsuwa. Allah ya sa a cikinku a sami matuƙa.