Batiri Ya Samu Fasfo, Ramin Libata Fa?

Daga 18 ga Fabrairun 2027, duk batirin motar lantarki da za a sayar a Tarayyar Turai sai da fasfo: lambar QR da za a haska da waya, ta faɗi wanda ya ƙera shi, sinadaran cikinsa, da ƙarfin da ya rage masa. Madalla. Sai dai mu masu rubuta manhaja mun san halin rumbun bayanai: abin da aka zuba masa shi yake amayarwa.

To wa zai zuba namu? Dutsen litiyom da ake haƙa a Libata, ƙaramar hukumar Ngaski, idan ya bi hannun dillalai ya isa matata, ya gauraye da na wasu wurare. Wa ya rubuta sunan ramin? Wa ya rubuta shekarun wanda ya shiga cikinsa, da abin da aka biya shi?

Ƙarshen tafiyar ma a kanmu yake. Dokar Turai ba ta san kasuwar Birnin Kebbi ba. Mai shago ya rantse batirin sola sabo ne dal, wata uku ya mace, ya kwana a juji, damina ta wanke shi zuwa fadamar da ake noman shinkafa. Mun manta gubar dalma ta Zamfara a 2010, da yara sama da 400?

NESREA ta fitar da dokar batura a 2024. Muna so a ƙara mata haƙori: batirin da ba shi da lamba kada Kwastam ta bari ya shigo, buhun litiyom da ba shi da sunan rami kada ya bar Kebbi.