Tsintuwar Intanet: Ina Rabon Mutanen Shanono?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku samarin ma'aikata, ina da wata tambaya, ko da za ta yi ɗaci. Kullum muna duƙe kan waya muna ƙona kuɗin data, amma me muka taɓa tsintowa a intanet wanda ya amfani iyayen da suka sayar da gero da wake suka biya mana kuɗin makaranta?

Ni ɗan Shanono ne, inda gona ke manne da gona, kuma kuskuren damina ɗaya kan jawo yunwar shekara. Bari in kawo abubuwa uku da na tsinta, waɗanda na tabbata sun fi mana gardamar ƙwallon Ingila.

Na farko, hasashen damina. A farkon kowace shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, takan fitar da bayanin lokacin da ake sa ran saukar ruwa, da ɗaukewarsa, da fari na tsakiyar damina. Ruwa na Allah ne, babu shakka. Amma manomin da aka gargaɗa ba zai zuba irinsa duka a kan yayyafin farko ba.

Na biyu, ajiyar wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. To, abin da Bature ya ƙi, shi muke dafa wa 'ya'yanmu. Alhali tun 2007 ake yaɗa buhun nan mai hawa uku na Jami'ar Purdue ta Amurka, wanda ake kira PICS: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne tam, ƙwari su mutu don rashin iska. Akwai bidiyon yadda ake yi a intanet, har da Hausa.

Na uku, magani. Hukumar NAFDAC tana da kundin magungunan da ta yi wa rajista, mai suna Greenbook. Kafin tsohuwa ta haɗiyi ƙwayar da aka sayo a tire ranar kasuwa, jikanta na iya duba lambar da ke jikin kwalin.

Wani zai ce ai intanet cike take da ƙarya. Gaskiya ne. Ba mu manta da 2014 ba, lokacin cutar Ebola, da aka baza jita-jitar shan ruwan gishiri har aka rasa rayuka. Amma wannan hujja ce a kanmu. In mai ilmi bai tace ba, wa zai tace? Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Saboda haka shawarata ita ce, duk wanda zai tafi hutu ya ɗauki tsintuwa guda, ya tabbatar da tushenta, ya juya ta cikin Hausar da baba zai gane, ya kai ta dandali ko ƙofar masallaci bayan sallar la'asar. Kada ya je da girman kai, domin manomin da ya shekara arba'in yana noma zai gyara masa abin da waya ba ta sani ba.

Ilmin da ya tsaya a aljihun ɗalibi, rowa ce. Allah ya sa mu gane, amin.