Lambun Gilashi: Rana ta Tsirrai ce, Dare na Kifi

A 'yan shekarun nan akwatin gilashi mai kifin ado ya fara samun wurin zama a falukan gidaje da zaurukan otal a manyan biranenmu. Wasu sun wuce ajiye kifi kawai, sun shiga dasa tsirrai masu rai a cikin ruwan, suna kwaikwayon hotunan da suke gani a intanet. Sha'awa ce mai kyau, amma kukan masu ita kusan iri ɗaya ne: mutum ya kwanta ya bar kifayensa suna wasa, gari ya waye ya tarar da su sun taso, ciki a sama. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa amsar tana cikin iskoki biyu da ido ba ya gani, wato oksijin da kabon dayoksaid, wadda a taƙaice ake rubutawa CO2.

Tushen lamarin tsoho ne. A 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya nuna cewa tsiro yana gyara iska ne kawai idan haske na dukansa, a duhu kuwa shi ma ɓata ta yake yi kamar dabba. A 1850 Robert Warington, masanin sinadarai a Landan, ya bayyana yadda ya raya ƙananan kifaye da tsiron Vallisneria da dodon koɗi a ruwa ɗaya ba tare da yana sauya shi ba. Da rana tsiro yana shan CO2 ya saki oksijin. Da dare wannan aiki yana tsayawa, amma numfashi ba ya tsayawa: kifi da tsiro da ƙwayoyin halittar da ke cin datti duk suna jan oksijin daga rumbu ɗaya har gari ya waye. Shi ya sa gab da asuba ne ruwa ya fi talauci.

Rumbun kuwa ƙarami ne. Lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kusan ninki talatin na abin da lita ɗaya ta ruwa ke iya riƙewa. Zafi yana ƙara rage shi: ruwa mai ɗumin digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 a kowace lita, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5 ne, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙata. Duk wanda ya san yadda ɗaki ke zama a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ya san inda wannan lissafi ya dosa.

To, me ya kawo zancen ƙara CO2 da gangan? Ruwan akwati ba ya wuce 'yan miligiram kaɗan na wannan iska, tsirrai masu saurin girma kuwa suna son fiye da haka. Wanda ya fi kowa yaɗa dabarar shi ne Takashi Amano, mai ɗaukar hoto ɗan Japan da ya rasu a 2015, wanda a shekarar ce aka buɗe wani lambun ruwa da ya tsara a birnin Lisbon mai tsawon mita 40. Masu bin tafarkinsa suna tura iskar daga tukunyar gas har ta kai miligiram 20 zuwa 30 a lita, a nan suke tsayawa. Sakamakon yana da ban sha'awa: ganye yana fitar da ƙananan kumfan oksijin kamar an jera masa lu'ulu'u.

A nan ne da yawa ke yin kuskuren fahimta. Suna zaton CO2 tana korar oksijin daga ruwa, ba haka abin yake ba, kowace da gurbinta. Illar tana cikin jikin kifi. Idan CO2 ta yi yawa a ruwa, kifi yana kasa fitar da wadda ke cikin jininsa, jinin kuma ya rage ƙarfin ɗaukar oksijin, sai ya shaƙe ko da ruwan yana da wadata. Daga wannan kuskure ne ake haifar da na biyu: mutum ya hana saman ruwa motsi don kada gas ɗin da ya saya da kuɗinsa ya tsere. Ya yi tattalin gas, ya toshe ƙofa ɗaya da oksijin ke shigowa ta cikinta da dare.

Ƙa'idojin ba su da wuya. A buɗe gas awa ɗaya ko biyu kafin a kunna fitila, a rufe shi awa ɗaya kafin a kashe ta, hasken kuma kada ya wuce awa shida zuwa takwas, domin yawansa gansakuka yake kira. A bar saman ruwa yana kaɗawa a hankali dare da rana, a ƙara famfon iska da dare. Akwai ƙaramin ma'aunin gilashi da ake maƙalawa a ciki: shuɗi na nufin gas ya yi kaɗan, kore daidai, rawaya ya yi yawa. Sai dai yana makara da kamar awa biyu, don haka kifin da ya taru a sama yana haki ya fi shi saurin faɗin gaskiya.

Duk waɗannan ƙa'idoji an gina su ne a kan zaton cewa wutar lantarki ba ta yankewa. Mu kuwa mun san halin da muke ciki. Da an ɗauke wuta, fitila ta mutu, matacin ruwa ya tsaya, saman ruwa ya kwanta. Tukunyar gas mai makullin lantarki tana rufe kanta a wannan lokaci. Amma kwalbar yis da sukari, wadda masu neman sauƙi suka fi haɗawa, ba ta san dare ba, ba ta san ɗauke wuta ba, ci gaba take da aman gas, zafi kuma yana ƙara mata kuzari. Mai amfani da ita dole ya zare bututunta kowane dare, ya kuma tanadi famfon iska mai batir. Idan abin ya zo ba shiri, a sauya wani ɓangare na ruwan da wanda ba shi da sinadarin kulorin, a riƙa ɗiba ana kwararowa daga sama.

Ra'ayina shi ne, mafi yawanmu ba mu buƙatar gas ko kaɗan. Anubias, tsiron da asalinsa daga rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake, yana rayuwa da ɗan haske ba tare da ƙari ba, haka ma Vallisneria. Girman Anubias a hankali ne, amma dukansu ba sa jefa kifi cikin haɗari. A rage yawan kifin, a rage abincin da ake zuba musu, an yi rabin aikin.

Masu kiwon kifi a kududdufi sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa da sassafe suke zagayawa. Tarwaɗa tana da gaɓar da take shaƙar iska kai tsaye, tana iya jurewa, amma karfasa da yawancin kifayen ado ba su da wannan gata. Tsiro idan ya rasa gas, jinkirin girma kawai zai yi. Kifi idan ya rasa numfashi na 'yan awoyi, an yi asararsa. Wanda ya tsare rai a cikin gilashi don jin daɗin idonsa ya ɗauki amana, don haka kafin ya tambayi yadda lambunsa zai yi kyau da rana, ya fara tambayar yadda kifinsa zai kwana.